Wai mece ce ma'anar "Morgana" da ake ta jifan mata da ita?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook ko TikTok sai ka ga an kira wata Morgana. Kishiya Morgana, uwar miji Morgana, 'yar siyasa ta sauya sheƙa ita ma Morgana, har wasu na cewa wai ma'anar sunan kenan mayya. Inda muka samo shi kam ba sai na tsaya dogon bayani ba, shirin Merlin ne na BBC da aka yi daga 2008 zuwa 2012, wanda muka sha kallo a faifai, inda Morgana take matsafiya mai gaba da Sarki Arthur.

Wannan "mayya" ɗin ne ke ci min tuwo a ƙwarya. Cikakken sunanta a tatsuniyoyin Birtaniya shi ne Morgan le Fay, kuma le Fay ɗin daga Faransanci ya fito, la fée, wato mace mai ikon da ya wuce na ɗan Adam, shi ma tushensa fata ne na Latin, matan da Rumawa suka ɗauka su ke riƙe da ƙaddara. In dole sai an nema mata kalma a Hausa to aljana ta fi kusa. Maita ai kama kurwa ce, har cewa ake a nono ake shanta, ita kuwa wannan baiwar Allah ba kurwar wanda ta ci, ilimi ne da ita.

Ku duba fitowarta ta farko ma. Wajen shekarar 1150 ne marubuci Geoffrey na Monmouth ya ambace ta a waƙarsa ta Latin mai suna Vita Merlini, kuma a can mai magani ce fa. Ita ce babba cikin 'yan'uwa mata 9 da ke mulkin Tsibirin Tuffa, wato Avalon, ta san amfanin kowane ganye, tana rikiɗa, tana tashi sama, ta koya wa ƙannenta lissafi. Da aka ji wa Sarki Arthur mummunan rauni a yaƙin Camlann wurinta aka kai shi a jirgin ruwa, ta kwantar da shi a gadon zinare ta buɗe ciwon da hannunta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce zai warke in dai zai zauna a wurinta tsawon lokaci tana yi masa magani. To don Allah ina maita a nan? A lokacin ko dangantaka ba a ce suna da ita ba, marubucin Faransa Chrétien de Troyes ne wajen 1170 ya kira ta 'yar'uwar Arthur, shi ɗin ma man shafawa mai warkar da rauni ya ce tana haɗawa.

Sai a ƙarni na 13 marubutan Faransa suka fara shafa mata baƙin jini. Wai sarauniya Guinevere, matar Arthur, ce ta raba ta da masoyinta Guiomar, Morgan ta ƙullace ta, gaba ta yi ta girma har ta kai ga sace kuben Excalibur, takobin Arthur, kuben da ke hana jinin mai shi zuba, ta wurga shi cikin tafki. Littafin Thomas Malory da aka buga a 1485 cewa ya yi a gidan mata masu bautar coci aka sa ta karatu, a can ta ƙware a sihiri. Ni dai a ganina mace mai sani irin wannan ce ta tsone musu ido, shi ya sa maganin ya koma tsafi a alƙalaminsu. Amma ko Malory ɗin bai iya cire ta daga cikin sarauniyoyin da suka zo da jirgi ɗaukar Arthur zuwa Avalon ba.

Dangantakar ma kwaɓa ta ake yi. A yawancin tsoffin littattafan uwa ce ta haɗa su da Arthur, Igraine, ubanta kuma Gorlois ne na Cornwall, a shirin BBC kuwa aka mayar da ita 'yar Uther, mahaifin Arthur. Masu cewa ita ta haifi Mordred, ɗan Arthur da ya ci amanarsa, kuma sun haɗe ta ne da 'yar'uwarta Morgause, wadda a Malory ita ce uwarsa. Fim ɗin Excalibur na 1981 na cikin waɗanda suka dunƙule matan biyu suka zama ɗaya, aka ɗora wa Morgan har laifin da ba nata ba.