Zumar da ta daskare ba lallai jabu ba ce

A Daura da kewaye, da hunturu ya kama sai ka ji ana cewa duk zumar da ta daskare a kwalba, ta yi tsaki-tsaki, sukari aka dafa aka zuba mata. Masu wannan zargi suna da uzuri, don algus ya yi yawa a kasuwa. Amma abin ba haka yake ba.

Ita zuma asalinta sukari ce iri biyu daga ruwan furanni, ruwan cikinta kuwa bai cika wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ɗaya daga cikin sukarin biyu, mai suna gulukos, shi ke warewa ya zama ƙwaya-ƙwaya, musamman in ta ji sanyi. Irin furen da ƙudan ya sha ke sa wata ta daskare da wuri, wata ta daɗe a narke. Abin da ke damuna, manomin da ya hau bishiya da dare da hayaƙi ya sauke amyarsa, shi ake kira maha'inci.

Tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, za ta narke. Sai dai wannan ba shaidar inganci ba ce, haka ma gwajin ashana, wato a tsoma tsinken ashana a zuma a ƙyasta a ga ko zai kama. In kana son kwanciyar hankali, sayi mai saƙa a hannun mai amyar da ka sani.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.