Allon Farko da Jerin Manhajoji a Wayar Zamani

Allon farko shi ne fuskar da wayar zamani ke nunawa da zarar an buɗe makullinta. A kansa ake ganin hoton bango, da agogo, da ƙananan alamomin manhajoji a jere layi-layi. Can ƙasa akwai wani layi da ba ya gusawa ko da an shafa allon hagu ko dama, kuma yawanci nan ake ajiye manhajar kira, da ta saƙo, da kyamara. Jerin manhajoji kuwa wuri ne daban, inda duk manhajar da ke cikin wayar take bayyana, galibi bisa tsarin harufa. A yawancin wayoyin Android na yanzu, shafa allon daga ƙasa zuwa sama ne ke buɗe shi.

Bambancin waɗannan wurare biyu shi ya fi rikita sabon mai waya. A Android, alamar da ke kan allon farko hanya ce kawai ta isa ga manhaja, ba manhajar ba ce kanta. Idan mutum ya danne alamar WhatsApp da yatsa ya zaɓi cirewa, alamar ce ta tafi. Manhajar tana nan daram a cikin jeri, da saƙonninta duka, tana cin wurin ajiya, tana kuma aiko da sanarwa kamar kullum. Mayar da ita ba wuya: a nemo ta a jerin, a danne, a jawo ta inda ake so. Wanda ke neman sarari a wayarsa kuwa sai ya goge manhajar ɗungurungum, ko da yake wasu da suka zo tare da wayar ba sa goguwa, sai dai a dakatar da su.

Wayar iPhone ta farko, wadda Apple ya fitar a 2007, ba ta da wannan rabe-raben. Duk manhaja a kan allon farko take zama, shafi bayan shafi. Android kuwa tun wayarsa ta farko, HTC Dream ta 2008, ya zo da jeri na daban. Apple ya kawo damar tara manhajoji cikin folda a 2010, amma sai a 2020, da fitowar iOS 14, ya samar da App Library, wanda ke shafin ƙarshe ta dama yana kasa manhajoji rukuni-rukuni da kansa. A wannan shekarar ce kuma masu iPhone suka samu damar ɗora wijit a allon farko, wato ƙananan tagogin da ke nuna yanayi ko kalanda ba sai an buɗe manhaja ba, abin da masu Android suka daɗe da sabawa da shi.

A Android, allon farko da jerin duk aikin wata manhaja ce da ake kira lanca, shi ya sa fuskar Samsung ta bambanta da ta Pixel ko Xiaomi, har wasu kamfanonin kan ɓoye jerin sai an kunna shi a saiti. Mai wayar na iya sauke wata lancar ya sauya fuskar baki ɗaya, manhajojinsa da hotunansa ba abin da zai taɓa su.