Nutso da tukunyar iska

Nutso da tukunyar iska, wanda aka fi sani da sukuba, shi ne shiga ƙarƙashin ruwa da iskar shaƙa wadda mutum ya goya a bayansa, ba tare da wani tiyo ya haɗa shi da jirgi ko tudu ba. Sojojin ruwa da ma'aikatan rijiyoyin mai da masu binciken halittun teku sana'arsu ce, amma galibin masu yin sa a yau sha'awa ce ke kai su: kallon kifaye da murjani, ɗaukar hoto, ko leƙa jiragen da suka daɗe da nutsewa. Ba a barin mutum ya yi shi da kansa sai ya sami horo da katin shaida.

Asali

A 1943 ne wasu Faransawa biyu, injiniya Émile Gagnan da hafsan sojan ruwa Jacques-Yves Cousteau, suka kammala na'urar da ke sakin iska daga tukunya a lokacin da mutum ya ja numfashi kawai, kuma daidai da matsin ruwan da ke kewaye da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fitar da ita kasuwa da sunan Aqua-Lung. Mutane suka riƙa saye suna faɗawa teku ba malami, aka yi ta samun haɗurra, dole ta sa aka kafa ƙungiyoyin horarwa: BSAC a Ingila a 1953, CMAS a Monako a 1959 da Cousteau a matsayin shugabanta na farko, sai PADI wadda John Cronin da Ralph Erickson suka kafa a Amurka a 1966, da SSI a 1970. PADI ce ta fi yaɗuwa a yanzu.

Kayan aiki

Tukunyar da aka fi amfani da ita ta alminiyom ce ko ƙarfe, mai cin lita 11 zuwa 12, ana ɗura mata iska har matsinta ya kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne). Mutane da yawa suna zaton oksijin ne zalla a ciki. A'a, iskar da kowa ke shaƙa ce, an tace ta an busar da ita. Oksijin zalla guba ne idan an wuce 'yan mitoci kaɗan. Sauran kayan su ne na'urar numfashi mai baki biyu (ɗaya na ko-ta-kwana ne, don abokin tafiya), gilashin fuska, takalman iyo masu faɗi, rigar roba saboda sanyi, darma ta ɗaurawa a ƙugu, riga mai hurawa wadda ake ƙara wa iska ko a rage don daidaita tsayuwa a cikin ruwa, da ƙaramar kwamfutar hannu mai lissafin zurfi da lokaci.

Abin da matsin ruwa ke yi wa jiki

Nan ne ainihin karatun yake. Duk mita 10 da mutum ya sauka a teku, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da bar ɗaya, wato kwatankwacin nauyin dukkan iskar sararin sama. A mita 10 matsin ya ninka biyu, iska ta tsuke zuwa rabin girmanta. A mita 30 ya ninka huɗu, tukunya kuma za ta ƙare da sauri har ninki huɗu.

Kunne ne ke fara ji. Tun daga mita ɗaya ko biyu ake koya wa ɗalibi ya toshe hanci ya hura a hankali don iska ta shiga bayan dodon kunne. In ta ƙi shiga, sai a ɗan hau sama a sake gwadawa. Ba a tilastawa. Mai mura ba ya nutso saboda wannan dalili.

Doka mafi girma ita ce kada a taɓa riƙe numfashi. Masunci a Argungu ko Yawuri da ya cika huhunsa a saman ruwa ya nutsa, iskarsa za ta tsuke a ƙasa ta koma daidai yadda take idan ya taso, ba abin da zai same shi. Mai tukunya kuwa a ƙasa ya cika huhunsa da iska mai matsi. Idan ya riƙe ta ya taso, za ta faɗaɗa ta yaga huhun, kumfa ya shiga jini, kuma hakan yana iya faruwa a ruwan da bai wuce tsayin mutum ba. Shi ya sa gwanintar iyo ba ta wadatar da kowa daga horo. Sau da yawa ma gwanin ne ke shan wahalar barin abin da jikinsa ya saba.

Sai batun naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iska. A ƙarƙashin matsi yana narkewa a cikin jini da tsoka, kuma gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon abin da jiki ke sha. Idan aka taso da gaggawa sai ya fito kumfa-kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza. Sakamakon yana farawa daga ciwon gaɓoɓi da ƙaiƙayin fata har zuwa shanyewar jiki da mutuwa. Bafaranshe Paul Bert ne ya gano musabbabin a 1878, sannan John Scott Haldane ya tsara jadawalin tasowa na farko wa rundunar ruwan Ingila a 1908. A jadawalin PADI, iyakar zama a mita 18 minti 56 ne, a mita 30 kuwa minti 20 kacal. Ana tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5. Ba a shiga jirgin sama sai bayan awa 12 da nutso ɗaya, ko awa 18 idan an yi da yawa. Maganin ciwon shi ne oksijin nan take, sannan a kai mutum ɗakin matsin iska na asibiti. Wajen mita 30 kuma naitirojin yana sa wani irin maye da ke dagula tunani, wanda ke washewa da zarar an ɗan hau sama.

Horo da katin shaida

Kwas na farko yana ɗaukar kwana uku zuwa huɗu, kuma kashi uku ne. Akwai karatu da jarrabawa, wanda yanzu ana iya yi ta intanet. Akwai atisaye a tafkin iyo, inda ɗalibi ke koyon fitar da ruwa daga gilashin fuska yana ƙasa, nemo na'urar numfashi idan ta suɓuce daga baki, karɓar iska daga aboki, da tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba sama ba ƙasa. Sannan nutso huɗu a teku ko tafki tare da malami. Dole ɗalibi ya iya iyon mita 200 ba hutawa, ba a ƙayyade masa lokaci ba, ya kuma yi minti 10 a saman ruwa bai kama komai ba. A tsarin PADI ana karɓar yaro daga shekara 10, kuma kafin ya cika shekara 12 iyakar zurfinsa mita 12 ce. Daga shekara 15 ake ba da cikakken kati mai iyakar mita 18.

Mataki na gaba yana kai mutum mita 30, sai kwas ɗin ceto, sai na jagoran masu nutso, wanda daga nan an shiga sana'a. Mita 40 ita ce iyakar nutson nishaɗi baki ɗaya.

A mafi yawan ƙasashe katin ba lasisin gwamnati ba ne. Masu harkar ne suka ɗaure kansu: shago ba zai ɗura wa mutum iska ko ya ɗauke shi a jirgi ba sai ya nuna shi. Katin ba ya ƙarewa, kuma a nan akwai rauni, domin wanda ya yi nutso huɗu shekara goma da suka wuce katinsa ɗaya da na mai shiga ruwa kowane mako. Cibiyoyin kirki sukan duba littafin da mai nutso ke rubuta tafiye-tafiyensa, su sa wanda ya daɗe bai shiga ba ya yi bita. Haka nan nagartar malami ta fi sunan ƙungiyar da ke jikin kati muhimmanci, kuma kwas mai araha da ake cusa ɗalibai da yawa a hannun mutum ɗaya abin gudu ne.

Ba a nutso a kaɗaice. Kowa da abokinsa, suna duba kayan juna kafin su shiga, suna magana da hannu. Ɗaga babban yatsa na nufin "mu hau sama", ba "lafiya lau" ba. Ana shirya tafiya yadda za a fito da saura bar 50 a tukunya.

Lafiya

Kowane ɗalibi yana cike takardar tambayoyin lafiya. Mai farfaɗiya da mai juna biyu ba sa nutso. Mai asma ko ciwon zuciya ko ciwon suga sai likita ya duba shi ya amince. Ciwon sikila, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana cikin cututtukan da likitoci ke hana nutso da su, don sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da shi. Wanda zai shiga dam ko tafki a ƙasar Hausa kuma akwai abu biyu a gabansa: tsargiya da ake ɗauka a ruwa mai daɗi, da tsayin ƙasa, domin duk wurin da ya haura mita 300 daga doron teku, kamar Kano da Jos, lissafin zurfinsa daban ne.

Inda ake zuwa

Tsibirin Koh Tao na Tailan ya yi suna wajen yaye sababbin masu nutso, Ostireliya kuma tana da shingen murjani mafi girma a duniya. A Afirka akwai Zanzibar da gaɓar Mozambik, amma Bahar Maliya ce kan gaba saboda ɗumin ruwanta da garau ɗinsa. Ana shiga ta Jidda, ko ta Hurghada da Dahab da Sharm el-Sheikh a Masar, inda jirgin ruwan Ingila Thistlegorm, wanda jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, yake kwance a zurfin kimanin mita 30 da babura da motoci a cikinsa. Mai katin farko bai isa zuwa wurin ba sai ya ƙara mataki.

Gaɓar Sudan ba ta da cunkoson baƙi, shi ya sa murjaninta ya fi zama lafiya. Kusa da Port Sudan akwai Umbria, jirgin Italiya da matuƙansa suka nutsar da gangan a 1940 don kada bama-baman da ya ɗauko su faɗa hannun Ingila. Akwai shingen murjani na Sanganeb, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2016, da Sha'ab Rumi, inda Cousteau ya gina wani gida a zurfin mita 10 a 1963 mutanensa suka yi wata guda a ciki. Murjani dabba ce mai rai mai jinkirin girma, bugun ƙafa ɗaya yana karya abin da ya yi shekaru yana tofowa, don haka a wuraren da aka keɓe an hana taɓa shi ko ɗaukar komai a fita da shi.