Gyaran magana da haɗiya ga yara

Gyaran magana da haɗiya fanni ne na kiwon lafiya da ke kula da yaran da furuci, fahimtar zance ko cin abinci ke ba su wahala. An haɗa ayyukan biyu a hannun ƙwararre guda saboda gaɓoɓin ɗaya ne: leɓe, harshe, ganɗa da maƙogwaron da jariri ke tsotson nono da su, da su zai yi magana gobe. A Najeriya MRTB, hukumar da ke kula da ƙwararrun farfaɗo da aikin gaɓoɓin jiki, ita ce ke yi wa masu wannan aiki rajista.

Yawanci jariri kan fara gwaranci wajen wata 6, ya furta kalmar farko wajen shekara 1, ya haɗa kalma biyu wajen shekara 2. Idan yaro ya makara ƙwarai a kan wannan, jinsa ake fara aunawa, domin sanƙarau da ciwon kunne kan kurumta yaro ba tare da an lura ba. Sauran dalilan sun haɗa da galahanga, da lahanin ƙwaƙwalwa bayan doguwar naƙuda ko shawara mai tsanani, da tsagewar leɓe ko ganɗa, wadda ke samun kusan jariri 1 cikin 700. Mai tsagaggiyar ganɗa iska ke kuɓuce masa ta hanci, shi ya sa "b" da "k" ba sa fita daidai, kuma sau da yawa ko bayan ɗinki sai an horar da shi. Horon kuwa da wasa ake yinsa, da hotuna da alamun hannu, kuma uwa ce ke ɗauke da mafi yawansa a gida.

Haɗiya ta fi haɗari. Yaron da ke ƙwarewa, ko muryarsa ta jiƙe bayan shan ruwa, wataƙila abincin yana gangara masa cikin huhu ne, ƙarshensa nimoniya da rama. Ƙwararren zai gyara masa zama, ya daidaita kaurin kunu, ya sauya cokali ko bulumboti. A nan ne ɗura take da muni ƙwarai: toshe hancin irin wannan yaro a kwarara masa koko na iya kashe shi, duk da uwar tausayi ne ya sa ta.

A Sakkwato, asibitin yara masu ciwon noma (cuta mai cin naman baki da fuska), wanda aka buɗe a 1999, na karɓar waɗanda cutar ta cinye musu kunci ta kulle muƙamuƙi. Bayan tiyata sukan daɗe suna atisayen buɗe baki kafin tauna da magana su daidaita.