Blakfes: Bature ya shafa baƙi ya zama mu

Ranar Lahadi a fadarmu ta unguwar Zariya a Maraɗi, muna jiran shayi na biyu, wani ƙanena ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, wai me ake nufi da blakfes?" Hoton wani Bature ne ya shafe fuska baƙi ƙirin, ya zana leɓe ya yi masa faɗi kamar bakin tulu.

Kalmar Turanci ce, fassararta baƙar fuska. Amma abin da ake nufi shi ne farar fata ya shafa baƙi ya fito a wasa a matsayin baƙar fata, galibi don a yi dariya. A Amurka abin ya yi ƙarfi tun wajen 1830, lokacin da wani ɗan wasa Thomas Rice yake shafa gawayin toshiyar kwalba, yana rawa da waƙa da sunan Jim Crow. Sunan nan ne aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata na kudancin ƙasar daga baya. Daga nan ma mutum ya san wasan ba wasa ba ne.

Da sinima ta zo, sai ta gaji al'adar. A 1915 D. W. Griffith ya fitar da The Birth of a Nation, wanda ya ciro daga littafin Thomas Dixon, The Clansman, na 1905. Turawa masu baƙin shafe suka fito a matsayin mugaye masu farautar matan Turawa, ƴan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu yi wa baƙaƙe ta'addanci, kuma su ne jaruman da suka kawo ceto. A wannan shekarar ƙungiyar ta sake farfaɗowa. Har gobe malaman fim suna yaba yadda aka sarrafa kyamara a ciki, ni kuwa kyamarar ba ta wanke mini komai ba. Al Jolson ya shafa a The Jazz Singer a 1927, Laurence Olivier ma ya shafa da ya fito a Othello a 1965.

Wani a fadar ya ce ai zamaninsu ne, a bar kaza cikin gashinta. Ban yarda ba. Tun 1915 ƙungiyar NAACP ta baƙaƙen Amurka ta yi zanga-zanga tana neman a hana nuna fim ɗin Griffith. Ke nan mutanen zamanin sun san abin da ake yi musu. Cutar ma biyu ce: an hana ɗan wasa baƙi aiki, sannan an sayar wa duniya hotonsa a matsayin wawa ko ɓarawo.

Mu nan Maraɗi da fim ɗin Indiya muka tashi, to can ma akwai ɗan'uwan abin. A 2019 an rina Bhumi Pednekar ta yi duhu a fim ɗin Bala, an kuma duhunta Hrithik Roshan a Super 30 don ya yi kama da ɗan talakawa, alhali Indiya cike take da masu duhun fata da ke neman aiki.

Ƙanen nawa ya ce sau biyu ya kalli Bala bai lura ba. Ya karɓe wayarsa ya shiga neman hoton Bhumi na ainihi, shayinsa yana hucewa.