Motsa jiki da lafiyar jijiyoyi ga mai ciwon sukari

Lalacewar jijiyoyi na cikin matsalolin da suka fi addabar masu ciwon sukari, har kusan rabinsu kan gamu da ita idan ciwon ya daɗe. Ba jijiyoyin jini ake nufi ba, a'a, waɗanda ke kai saƙon zafi, sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa. Sukarin da ya jima da yawa a jini yakan lalata su, tare da ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da su. Masu tsawo ne ke fara taɓuwa, shi ya sa abin kan soma daga yatsun ƙafa: raɗaɗi cikin dare, jin kamar kiyashi na bin fata, daga baya ƙafar ta yi dindiris, ta daina ji.

Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini, jiki ya ƙara jin insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, jini kuma ya riƙa isa ƙafa sosai. Wannan kan rage saurin lalacewar, ya ƙarfafa ƙafa yadda dattijo ba zai riƙa tangaɗi yana faɗuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, misali tafiyar sauri ta minti 30 sau 5, da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2. Mai gyambo a tafin ƙafa kuwa kada ya taka shi, sai ya motsa hannuwa daga zaune har ya warke.

A Jos sai an ƙara kula. Garin na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuma yakan sa a miƙa ƙafa gaban kaskon wuta ko a tsoma ta a ruwan zafi. Ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba, abin tausayi, daga nan gyambo ke farawa. Faso ma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Don haka a zazzage takalmi kafin a sa, kada a fita ba takalmi, a duba tafin ƙafa bayan kowace tafiya, a tsane tsakanin yatsu bayan alwala.

Mai allurar insulin ya riƙe dabino ko alewa a aljihu, saboda sukari kan faɗi ana cikin tafiya, da rawar jiki da gumi da jiri.