Idan Aka Zagi Yaro Kan Launin Fatarsa a Makarantar Ingila, Me Doka Ta Ce?

A ɗauka yaro ɗan shekara tara ya dawo daga makaranta, ya jefar da jakarsa a bakin ƙofa, ya ƙi taɓa abinci, sai da mahaifiyarsa ta matsa masa sannan ya faɗa mata cewa a filin wasa wani ya kira shi biri, sauran yara kuma suka kewaye shi suna kwaikwayon kukan biri. Washegari uwar ta je makaranta, malamar ajin ta saurare ta cikin fara'a, ta ce wasan yara ne kawai, wanda ya faɗa bai ma san ma'anar maganar ba. A idon dokar Ingila, wannan amsa ta malama tana iya jawo wa makarantar matsalar da ta fi zagin kansa girma, kuma iyayen da suka kai 'ya'yansu can daga Najeriya ko Nijar ko Ghana suna da buƙatar sanin dalili.

Tushen maganar kisan kai ne. A watan Afrilun 1993 wasu samari farar fata suka daɓa wa Stephen Lawrence, baƙar fata ɗan shekara 18, wuƙa yana jiran motar haya a unguwar Eltham da ke kudu maso gabashin Landan. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi, har aka kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon alƙali Sir William Macpherson, wanda ya fitar da rahotonsa a Fabrairun 1999 da shawarwari 70. A cikin rahoton aka fassara abin da ake kira aikin wariyar launin fata da cewa duk wani abu ne da wanda aka yi wa, ko wani mutum daban, ya ɗauke shi a matsayin wariya. Makarantu da yawa sun ɗauki wannan ma'ana har yau. Ba ta nufin cewa da zarar an yi zargi an tabbatar da laifi. Abin da take nufi shi ne malami ba shi da hurumin rufe magana tun a bakin ƙofa saboda shi a ganinsa wasa ne. Sai an karɓi ƙorafin a yadda aka kawo shi, a bincika, sannan a yanke hukunci.

Dokar da ke aiki a yanzu ita ce Dokar Daidaito ta 2010. Sashe na 9 ya ce kalmar jinsi ta ƙunshi launin fata da ƙasar da mutum ya fito da kuma ƙabilarsa, saboda haka yi wa yaro gori don shi ɗan Najeriya ne yana cikin abin da ake magana a kai, ko da mai gorin shi ma baƙi ne. Sashe na 85 ya haramta wa makaranta nuna wa ɗalibi bambanci ko tsangwamarsa wajen ɗaukarsa, koyar da shi, hukunta shi ko korarsa. A nan ne iyaye da yawa suke yin kuskure, domin dokar ba ta kama yaron da ya yi zagi, makaranta da ma'aikatanta take kamawa. Tambayar da take yi ita ce: da labari ya iso gare ku, me kuka yi? Makarantar da ke dakatar da ɗalibi saboda ya zagi uwar wani, amma ta yi shiru idan an kira baƙin yaro biri, ta buɗe wa kanta ƙofar zargin nuna bambanci. Ban da wannan, sashe na 89 na dokar ilimi ta 2006 ya wajabta wa shugaban makarantar gwamnati ya tsara matakan hana kowane irin cin zali tsakanin ɗalibai, ya kuma sanar da iyaye su.

Wani lokaci ba bakin kowa ke yin wariyar ba, dokar makarantar ce da kanta. A 1983 kotun ƙoli ta wancan zamani ta yanke hukunci cewa wata makaranta a Birmingham ta saɓa doka da ta ƙi ɗaukar yaro ɗan ƙabilar Sikh sai ya cire rawaninsa ya aske gashinsa, duk da cewa ƙa'idar tufafin ta hau kan kowa. Irin wannan ya sake tasowa kan gashin baƙar fata: an riƙa mayar da wata ɗaliba gida a gabashin Landan saboda wai gashinta ya cika tsawo da faɗi, har aka sasanta a wajen kotu aka biya ta fam 8,500, ko da yake makarantar ba ta amsa laifi ba. A Oktoban 2022 Hukumar Daidaito da Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta gargaɗi makarantu cewa hana kitso ko tara gashi irin na baƙar fata, ba tare da keɓe wasu ba, zai iya zama saɓa doka.

Akwai wata gaɓa da iyaye Musulmi ya kamata su lura da ita. Haramcin tsangwama da ke sashe na 85 bai haɗa da addini ba, kuma kotuna ba su ɗauki Musulmi a matsayin ƙabila guda kamar yadda suka ɗauki Sikh da Yahudawa ba. Idan malami ya wulaƙanta yarinya saboda hijabinta, za a bi ta hanyar nuna bambanci kan addini ne, wanda shi ma haramun ne a dokar, amma kalmomin da za a rubuta a takardar ƙorafi sun bambanta.

Inda tsarin ya fi rauni, a ganina, shi ne batun ajiye bayanai. Macpherson ya ba da shawarar makarantu su rubuta kowane abu da ya faru, su sanar da iyaye da hukumar gudanarwar makarantar da ƙaramar hukuma, kuma an yi shekaru ana bin hakan. A 2012 gwamnati ta shaida wa makarantun Ingila cewa ba dole ba ne su kai rahoto ga ƙananan hukumomi. Ko da haka, binciken jaridar Guardian a 2021 ya gano abubuwan wariya fiye da 60,000 da makarantun Birtaniya suka rubuta cikin shekara biyar, kuma wannan adadin waɗanda suka ga dama suka rubuta ne kawai. Masu duba makarantu na Ofsted suna neman ganin irin waɗannan bayanai idan sun zo, sai dai abin da ba a rubuta ba, ba za su gan shi ba.

Shi ya sa uwar yaron nan bai kamata ta tsaya a maganar baki ba. Ta rubuta wa shugaban makaranta ranar da abin ya faru, wurin, kalmomin da aka faɗa ba tare da sakaya su ba, da waɗanda suka ji, ta kuma nemi a ba ta amsa a rubuce. In ba ta gamsu ba, kowace makaranta tana da tsarin ƙorafi da ke kai magana gaban hukumar gudanarwa, daga nan sai Ma'aikatar Ilimi. Masu fargabar kada a huce a kan ɗansu su sani cewa sashe na 86 ya hana makaranta ramuwa a kan ɗalibi saboda ƙorafin wariya da iyayensa ko ɗan'uwansa suka kai. Idan abin ya kai ga duka ko barazana, ana iya sanar da 'yan sanda, domin a Ingila doka tana kama yaro da laifi tun daga shekara 10, kuma dokar laifuka ta 1998 ta ƙara tsananin hukunci idan ƙiyayyar launin fata ko ƙabila ce ta jawo laifin. Ƙarar neman diyya kuwa kotun gunduma ake kai ta, kuma a ƙa'ida cikin wata shida daga ranar da abin ya faru, lokacin da ke iya ƙarewa iyaye suna can suna jiran hukumar gudanarwa ta zauna.